Makullan Babbar Sista

Da gari ya waye bayan ruwan da aka kwana ana tafkawa, sai aka tarar da kwaɗon ɗakin ajiya na asibitin unguwa a ɓalle, yana reto a jikin ƙofa. Magunguna suna nan yadda aka jera su, ƙaramin janareta yana nan a kusurwarsa. Abu ɗaya ne babu: sabuwar na'urar hoton ciki, wadda ko kwalinta ba a farke ba, don ana jiran Likita ya dawo daga ƙaro karatu, shi kaɗai ya iya aiki da ita.

Kafin hantsi ya ɗaga, labari ya fita bakin titi ya dawo ya yi ƙiba. Masu shaguna suka ce da ɗan gari akan ci gari. Matan da suka zo awo suka tsaya cirko-cirko a harabar asibitin suna rage murya. Ba wanda ya fito ya ce Babbar Sista ce ta ɗauka. Abin da ake ta faɗa shi ne, ai makullan asibitin duka a hannunta suke tun tafiyar Likita, kuma ai tana da ɗa bakanike mai babur, kuma ai saura 'yan makonni ta ajiye aiki. Wanda zai bar rijiya, in ji su, ba ya damuwa da abin da ya faɗa cikinta.

Saje, wanda aka turo daga ofishin 'yan sanda, ya ga ƙasa a jiƙe take, sai ya aika a kira Mai Sawu.

Mai Sawu tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin masu saran itace da ɓatattun shanu, har wuyansa ya saba da sunkuyo, ya zama ya fi sanin mutane ta ƙafafunsu fiye da fuskokinsu. Yanzu yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki a ƙarshen layi. Kullum da yamma yakan share ƙasar ƙofarsa ta yi lumui, ba don tsafta ba, don dai ya gani da safe ko wani ya zo. Abin da yake gani bai canzawa: kaji, kyanwar maƙwabta, sai nasa. Rabonsa da shiga asibitin nan tun ranar da ya shiga da matarsa ya fito shi kaɗai.

* * *

"Baba, sannu da zuwa," in ji Saje. "Ka yi haƙuri, kowa ya zo ya taimaka mana da ƙafarsa kafin na iso."

Gaskiya ne. Gaban ɗakin ajiyar ya zama kamar turken shanu. Amma ƙofar tana kan tudu mai matakala a gaba, kuma daga gefenta akwai wani ɗan gangare na jar ƙasa da aka yi don keken tura marasa lafiya, wanda ba a taɓa samun zarafin yi masa siminti ba. Mutane sun ƙi bi ta nan saboda santsi. A nan Mai Sawu ya tsuguna.

Sawun takalmin roba ne, irin dogon nan da ake ajiyewa a baranda kowane ma'aikaci ya zura idan an yi ruwa. Duk sawun suna kallon ƙofa, suna hawa. Babu ko ɗaya mai saukowa. A gefe da gefe ga layukan tayar keke.

"Ka gani?" in ji Saje. "Ya shiga ta nan, bai fito ta nan ba. Zo ka ga sauran."

A bayan ɗakin taga tana buɗe hangam, a ƙarƙashinta kuma ga sawun tayar babur. Saje ya tafa hannu, kamar wanda ya gama ɗinki ya yanke zare. Mai Sawu ya auna faɗin tagar da hannunsa. Kwalin zai fita, amma da ƙyar. Ya koma gangaren ya nemi abin da zai rufe sawun kada rana ta ɓata su.

Wani dattijo siriri da ke wanke keken marasa lafiya a bakin famfo ya kawo masa wata tsohuwar roba. Shi ne mai tura marasa lafiya. Sannu-Sannu ake kiransa, don kalmar ba ta barin bakinsa idan yana tura mutum.

"Malam, ashe kana nan? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya," in ji Mai Sawu, bai ɗago ba. Ba ya son ganin keken.

* * *

Maigadi ya rantse tun kafin a tambaye shi.

"Wallahi idona biyu har asuba. Ko ɓera bai gifta ba."

"Biyu ne, na gani," in ji Mai Sawu. "Abin da nake tambaya, a buɗe ko a rufe?"

Ya nuna masa sawunsa da kansa, mai ɗan karkatar duga-dugi, ya tashi daga bencin ƙofa ya nufi tsohuwar motar asibiti da ta shekara a kan duwatsu babu taya. Ya shiga kafin ruwa ya yi ƙarfi, bai fito ba sai da ƙasa ta fara tsanewa.

Maigadi ya sosa ƙeya. "Haba Malam, rumfar nan yoyo take kamar rariya. Da wanne zan ji, da ɓarawo ko da ciwon haƙarƙari? Ka rufa min asiri. Amma babbar ƙofa na kulle ta da sarƙa, makullin yana aljihuna, a kansa na kwanta."

"Tagar baya fa?"

"Wannan? Sakatarta ta karye tun bara. Ko tari ka yi kusa da ita buɗewa take."

* * *

Mai Magani, wanda ke ba da magunguna ta wata ƙaramar taga, ya jawo Mai Sawu ciki ya tura ƙofa. Mutum ne mai tsafta da son a san ya san doka.

"Ni ba na zargin kowa, Malam. Amma bari in warware maka abin da Saje bai sani ba. Fanshon ma'aikacin lafiya, a kan matakin da yake kai ranar da ya ajiye aiki ake yanka masa. Ita Sista ta daɗe a mataki ɗaya kamar an kafa ta da ƙusa. Da Likita zai tafi, aka ba ta riƙon ƙwarya, kowa ya yi mata murna, don idan ranar ritaya ta same ta a kan kujerar, da matakin shugaba za ta tafi. Bambancin ba kaɗan ba ne, kuma har ƙarshen rayuwa ne. To sai ga shi an gajarta karatun Likita. Ya riga ya dawo gari, wannan makon zai karɓi kujerarsa. Ita kuma ta koma inda ta fito, ana saura ƙiris."

"Allah sarki."

"Tsaya, ban gama ba. A aikinmu ba a miƙa makullai sai kowane kaya ya cika. Idan abu ya ɓata, mai riƙo yana nan a kujera har a gama bincike. To ka gaya min, wa jinkiri zai amfana?"

Mai Sawu ya dubi kwalaben da ke jere a kanta. "Idan kuma ba a ga na'urar ba?"

"Kora ce. Ba ƙari, ba ma ainihin fanshon. Ta tafi gida da jakarta da ciwon gwiwarta." Ya gyara wuyan rigarsa. "Ni dai na faɗa ne don Allah."

Mai Sawu ya fito. Ya sha bin sawu ya kai shi gidan da ba ya so, amma bai taɓa jin tsoron ƙasa irin na yau ba. Babbar Sistar nan ce ta zauna a gefen matarsa tana jiƙa mata leɓe da auduga lokacin da shi ya kasa shiga ɗakin.

* * *

Ya sami ɗan Sista a gareji, kwance ƙarƙashin wata mota. Abokan aikinsa sun ja gefe, ba mai yi masa magana. Ya fito yana goge hannu da tsumma, idonsa ja.

"Baba, in kama ni ka zo yi, ga ni. Tun safe ake nuna ni da baki."

"Ni ba na kama mutum. Ina babur ɗinka?"

Tayar baya tana da faci a gefe, daidai da wanda ya gani a ƙarƙashin tagar.

"Me ya kai ka bayan ɗakin ajiya?"

Saurayin ya waiga hagu da dama. "Kullum ni nake zuwa ɗaukar Umma idan ta tashi. Ina isa da wuri, sai in zagaya baya." Ya rage murya. "Sigari nake sha a can, Baba. In ta ji, gara a ce na saci na'urar."

Mai Sawu ya kusa yin dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya riga ya san yaron gaskiya yake faɗa. Sawun babur ɗin duk ruwa ya tsattsaga shi, wato kafin ruwan aka yi shi. Sawun takalmin robar kuwa bakinsa tsaf yake, bayan ruwa ya ɗauke aka taka shi. Tsakaninsu akwai dare guda.

"Ka tauna wani abu kafin ka je ɗaukarta," ya ce. "Nas ce, hancinta ya fi nawa ido."

Amma a hanyar dawowa ransa bai yi sanyi ba. Ya wanke ɗan, sai ya zama uwar ce kaɗai ta rage. Kuma idan ba ta taga aka fita ba, ina mai takalmin robar ya bi? Mutum ba ya shiga ɗaki ya narke.

* * *

Ya sami Babbar Sista a ofis, zaune a bakin kujerar Likita kamar baƙuwa. Tarin makullai yana ɗaure da igiya a ɗamarar farar rigarta. Ta miƙe ƙafar hagu a kan wani kwali saboda gwiwa.

"Malam, yau ka tako mana. Da na san sata ce za ta kawo ka, da na sa an yi tuntuni."

"Sista, kada ki faɗi haka a gaban Saje."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Na sani. Na ji abin da ake faɗa. Rabin waɗanda ke tsaye a waje, ni na yanke musu cibiya. Yau na gaishe da wata, ta yi kamar tana gyara goyo."

"Kin so a yi jinkirin?"

Ta dube shi kai tsaye. "Na so. Zan yi maka ƙarya ne? Tun da na ji Likita zai dawo da wuri ban yi barcin kirki ba. Mijina ya rasu bai bar ko bulo ba, gidan haya nake. Da ƙarin nan, da na zauna a garin nan har Allah ya yi ikonsa. Ba shi, sai in tattara in koma wajen ƙanwata, in zama tsohuwar da ake ba ɗakin baya. Na yi kuka a nan, a wannan kujerar, ban ma rufe ƙofa ba. Amma so daban, sata daban. In sata nake so in yi, da makulli a ƙuguna, me zai sa in ɓalle kwaɗo?"

"Za a ce don a ɓad da sawu."

"Za a ce." Ta juya makullan a tafin hannunta. "Kai ma ka ce?"

Ya dubi ƙafarta: ƙarama ce, kuma mai irin wannan gwiwa ba za ta iya da kwali mai nauyin buhun siminti ba. Sai dai ana iya sa wani. Ya tashi.

"Yau da safe an kai keke ɗakin ajiya?"

"Wa zai kai? Tun da aka ga kwaɗon na hana kowa matsawa da komai."

* * *

Da azahar ya zauna a bencin baranda, inda masu jinya suke jira. A nan ya zauna wancan karon ma, lokacin jinyar matarsa. Bai zaɓi wurin ba, ƙafarsa ce ta kai shi. Mutane suna wucewa bibbiyu, mai ciwo da mai riƙe shi. Ya yi tunanin ranar da nasa ciwon zai zo, wa zai riƙe shi, ya ga ba shi da amsa, sai ya mai da idonsa ƙasa inda ya saba samun amsoshi.

Wani abu yana damunsa a sawun nan. Takun gajeru ne ƙwarai, kamar na mai tsoron faɗuwa, alhali mai hawa hannu wofi ba ya taku haka. Kuma a wuri ɗaya ƙaramar tayar keken ta bi ta kan sawun ta raba shi biyu. Wanda yake tura keke, keken ne a gaba, ƙafarsa ce ke taka sawun taya. A nan kuwa taya ce ta taka sawun ƙafa. Da safe ya ɗauka wani ne ya bi da keke daga baya. Yanzu an ce masa ba wanda ya bi.

"Sannu... sannu... sannu, 'yata."

Ya ɗago. Sannu-Sannu ne ya fito da wata mai jego daga ɗakin haihuwa, jaririnta a cinya. Da ya iso bakin gangaren baranda sai ya tsaya, ya juya keken, ya ba gangaren baya. Ya fara sauka da baya-baya, taku gajere bayan taku gajere, keken yana biye da shi, nauyin duka a ƙirjinsa, don kada matar ta kifa ta gaba.

Mai Sawu ya san wannan saukar. Haka aka sauko da matarsa ranar da aka mai da ita ɗakin ƙarshe, fuskarta tana kallon sama, shi yana biye yana riƙe da takalmanta, wannan murya tana cewa sannu, sannu. Shekaru ya yi yana gudun tuna ranar. Yau ita ce ta zo ta same shi da amsa a hannu.

Sawun ba hawa suke yi ba. Sauka suke.

Ya daɗe a zaune bayan keken ya wuce. Idan ya yi shiru, za a kori Sista. Idan ya yi magana, na'urar za ta fito, makullai su koma hannun Likita, ƙarin ya tafi. Ko ta ina ya bi, sai ya ɗauke mata wani abu. Ya tashi ya je ya sami Saje.

* * *

Da la'asar aka taru a gaban ɗakin ajiya: Saje, Babbar Sista da ɗanta, Maigadi, Mai Magani, da Sannu-Sannu. Likita ma ya zo da ya ji labari, ya tsaya gefe hannu a aljihu, fuskarsa ba daɗi. 'Yan unguwa sun yi layi a jikin wayar shingen asibitin suna leƙe.

Mai Sawu ya sa aka cika wani kwali da robobin ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya, aka ɗora a keke a bakin ƙofa.

"Ba wani abu ba ne," ya ce. "Kowa ya sauko min da shi ta wancan gefen gangaren, inda ban rufe ba."

Maigadi ya fara. Ya turo keken gaba, keken ya ja shi, ya sauko da gudu yana salati. Mai Magani ya ce shi ba aikinsa ba ne, amma ya yi, kwalin ya zame ya kusa faɗuwa ta gaba. Bakaniken ya turo da hannu ɗaya, ya tare kwalin da ɗaya. Mutanen bakin waya suka fara dariya.

"Saura kai, ɗan'uwa," in ji Mai Sawu a hankali.

Sannu-Sannu ya goge hannunsa a riga ya kama keken. Bai yi tunani ba, hannunsa ne ya yi. Ya juya keken, ya ba gangaren baya, ya fara sauka.

"Sannu... sannu..." yake ce wa kwalin.

Da ya kai ƙasa, Mai Sawu ya ɗage robar da ya rufe sawun safe. Sababbi da tsofaffi suna kwance gefe da gefe, duka suna kallon ƙofa, duka gajeru, taya ta bi ta kansu. Dariyar bakin waya ta mutu.

"Mun ɗauka mutum ya shiga bai fito ba," in ji Mai Sawu. "Shigarsa ta matakala ce, da keken a naɗe, wannan kuwa ƙafafun jama'a sun shafe. Wannan fitarsa ce. Ɓarawo yana gudu da kaya. Wannan lallaɓa kayan ya yi kamar mara lafiya. Kuma ya bar magani, ya bar janareta, ya ɗauki abu ɗaya tak da ba mai ciwon da zai rasa shi yau."

Sannu-Sannu bai saki keken ba. Ya tsaya yana kallon hannayensa.

"Tana ɗakin ajiye gawa," ya ce. "Ni ke riƙe da makullin can, ba mai son sa. Na ɗora ta a gado saboda danshi, na lulluɓe ta da zane mai tsafta. Ko ƙwarzane babu."

"Don me?" in ji Sista.

"Yaya, na ji kukanki ranar nan, ina goge baranda. Kuma na ji shi," ya nuna Mai Magani da haɓa, "yana cewa ba a miƙa makulli sai kaya sun cika. Na ce to, bari kaya su ƙi cika na 'yan makonni. Ranar da kika ajiye aiki sai in maido ta. Tare muka fara aikin nan, Yaya. Ni ɗan kwangila ne, ba ni da fansho, ban taɓa sa rai ba. Na ce ko ɗayanmu ya tafi da wani abu." Ya ɗago ya dube ta. "Wallahi ban san kora ake yi ba. Wannan bai faɗa ba. Da na ji yau da safe, bakina ya ƙi buɗuwa."

Mai Magani ya sami wani abu a farcensa yana dubawa.

Saje ya gyara hularsa. "To, Baba, sai mu tafi ofis."

"Dakata, Saje," in ji Sista. Ta tako da ɗingishinta har tsakiya. "Har yanzu ni ke riƙe da asibitin nan, ko ba haka ba, Likita?"

"Haka ne, Sista."

"To ina tambaya. Malam, sawun nan ya fita ƙofar asibiti?"

"Bai fita ba."

"Ma'aikacin asibiti ya ɗauki kayan asibiti daga wani ɗaki ya kai wani ɗaki. Bai nemi izini ba, ya ɓalle kwaɗo. Zai sayi kwaɗo, kuma zan yi masa faɗan da bai taɓa ji ba. Wannan hukuncin gida ne. Ko akwai wanda aka yi wa sata a nan?"

Saje ya dubi Likita, Likita ya dubi sama. "Ni dai," in ji Saje, "an ce min abu ya ɓata, ga shi an ce bai ɓata ba. Takalmina kawai aka ɓata min da taɓo."

Likita ya matso ya rage murya, amma Mai Sawu yana kusa, ya ji. "Sista, ba lallai a rufe maganar nan yau ba. Bincike yakan ɗauki lokaci. In an ja shi kaɗan..."

Mai Sawu ya ɗauka za ta karɓa, kuma da ta karɓa ba zai ga laifinta ba. Ta dubi mutanen da ke jikin waya, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta sa hannu ta fara kwance igiyar ɗamararta. Ƙullin ya daɗe, sai da ta sa haƙori.

"In aka ja shi, abin da suka faɗa da safe ya zama gaskiya," ta ce. "Kowane wata in na je karɓa, sai in ji ƙarar kwaɗon nan. Ungo, Likita. Kayanka sun cika."

Makullan suka yi ƙara a tafin hannunsa. Sannu-Sannu ya durƙusa a gefen keken ya rufe fuska da hula. Ta dafa kafaɗarsa.

"Tashi, sakarai. Wa zai sauko min da akwatuna ranar tafiya?"

Mutanen bakin waya suka watse ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya zo ya ce mata ta yi haƙuri. Wasu ma a hanya suna cewa ai su dama sun san ba za ta aikata ba.

* * *

Ta ƙarasa makonninta a tsohon matakinta, tana karɓar haihuwa kamar kullum. Mai Sawu bai koma asibitin ba. Ya ji a bakin mai shago cewa ta sallami gidan haya, ɗanta zai zauna a ɗakin gareji, ita kuma za ta bi motar safe zuwa garin ƙanwarta. Ya yi niyyar zuwa sallama, ya sa hula har sau biyu ya cire. Me zai ce mata? Shi ne ya wanke ta, kuma shi ne ya kore ta daga garin.

Ranar tafiyar ya fito da hantsi da tsintsiya a hannu, ya duba ƙasar ƙofarsa kamar yadda ya saba. Ga kaji, ga kyanwa. Ga kuma wani sawu ƙarami, na takalmi marar tsini, ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa, irin takun mai ciwon gwiwa. Ya taho daga bakin layi har dab da ƙofa. A nan ƙafafun biyu suka haɗu suka daɗe a tsaye, har ƙasa ta lotsa. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Daga nan sawun ya juya ya nufi titi, gaba yake kallo, ba gaggawa a cikinsa.

Ya bi shi da ido har inda kwalta ta haɗiye shi. Sannan ya jingine tsintsiyar a bango, ya shiga ɗaki ya ɗauko wata tsohuwar roba, ya kifa a kan inda ta tsaya.